Satifiket ko awanni a kan kujera? Amsa ga mai son zama ofaretan katafila

Tambayar ta fito daga wani matashi a Zariya. Shekararsa 24, ya gama sakandare, kuma wata 14 ke nan yana bin wani ofaretan eskabeta, wato injin haƙa ƙasa, a wurin ɗiban burji. Shi ne zuba giris, shi ne wanke inji, shi ne sayo abinci, ubangidan nasa kuma kan bar masa kujera da yamma in an tashi aiki. Yanzu ya ga talla a Facebook: wata makaranta ta ce cikin mako uku za ta mai da shi cikakken ofareta, ta ba shi "satifiket na ƙasa da ƙasa". Yayansa ya ce zai sayar da san noma ya biya masa. Yana so ya sani, ya biya ko ya ci gaba da bin ubangidansa? Kuma wace takarda ce kamfanoni ke nema da gaske?

Ƙanena, ka ce wa yayanka ya mayar da san nan turke tukuna. Ban ce kada a taɓa kashe kuɗi a kan takarda ba, amma akwai abin da ya kamata ka ji kafin igiya ta bar hannunsa.

Ta ƙofar da ka shigo ni ma na shigo. Yaron gireda, injin daidaita hanya, na fara zama, daga nan na hau eskabeta, daga baya kamfanin hanyar da na yi wa aiki ya ɗora mini gwada sababbin ofaretoci kafin a ɗauke su. To bari in fara da ranar gwaji, don a nan amsarka take.

Mutum zai zo da fayil ɗinsa. In karɓa, in duba, in ajiye, in miƙa masa makulli in nuna masa inji. Tun daga wannan lokacin na fara ba shi maki, shi kuwa yana zaton sai ya tayar za a fara. Ina kallo ne in ga ko zai zagaya injin ko kai tsaye zai nufi ƙofa. Ya zaro sandar baƙin mai? Ya leƙa ruwan lagireto da gilashin man haidurolik? Ya sunkuya ya ga ko wani abu ya ɗiga a ƙasa cikin dare? Ya taɓa haƙoran bokiti da ƙarafan da suka riƙe shi? Ya tsiyaye ruwan da ya kwanta a matatar gas? Da ya zo hawa, ya fuskanci inji ya riƙe da hannu biyu, ko tsalle ya yi kamar mai kama bayan akori-kura? Sau da yawa kafin inji ya yi tari na farko na riga na san wanda ke gabana.

Akwai wani yaro da ba na mantawa. Takardarsa kyakkyawa, an like ta da leda, ga tambari ruwan zinare, ga tutar wata ƙasa a kusurwa. Ya hau eskabeta mai tan 20, ya tayar. Abin da bai duba ba shi ne, wanda ya ajiye injin jiya ya bar shi a juye, ɗakin ofareta na kallon ɓangaren haƙoran da ke jan sarƙa. Duk wanda ya yi wata guda a kan eskabeta ya san in sama ta juya ta kalli baya, sandunan tafiya sai su koma baibai: ka tura gaba, ta yi baya. Yaron ya tura gaba da ƙarfinsa. Injin ya ja baya, ya murƙushe durom biyu, ya tsaya taku guda daga tabarmar mai gadi. Allah ya sa mai gadin ya tafi alwala. Rabin laifin nawa ne da ban share wurin ba, kuma tun daga ranar ban ƙara gwada kowa ba sai na ja igiya na kewaye filin. Da hankali ya kwanta na tambaye shi awa nawa ya yi a kan inji a makarantarsu. Ya sunkuyar da kai ya ce su 30 ne, inji ɗaya, kuma kwanaki da yawa babu gas.

Kada ka ji wannan ka ce ashe takarda banza ce. Dattijon da ya koya mini rabin abin da na sani, in ya share gindin lambatu da bokiti, injiniya kan ɗora ma'auni ya rasa inda zai ce a gyara. Ba shi da takarda ko ɗaya. Shekarar da kamfaninmu ya samu aiki a ƙarƙashin masu harkar mai, jami'an kiyaye haɗarinsu suka ce a kawo fayil ɗin kowane ofareta. Aka bar shi a yadi, aka tafi da yaron da shi ya raina. Bai ce uffan ba, ya ɗauki butarsa ya koma gindin bishiya. Har yau in na tuna sai na ji wani abu a raina, don mun ga abin yana tahowa, ba wanda ya kama hannunsa ya kai shi ya yi jarrabawa.

Saboda haka duka biyun kake bukata, hannu da takarda. Matsalar ita ce kalmar "satifiket" ta rufe abubuwa biyu da ba su da haɗi. Akwai takardar da ke cewa wane ya halarci horo daga ranar kaza zuwa ranar kaza. Wannan ba ta ce ka iya komai ba, ta ce ka zo ne kawai. Akwai kuma wadda ke cewa an gwada wane a kan inji iri kaza, ya ci. In aka miƙo mini takarda, abu uku nake nema a jikinta: wa ya yi gwajin, a kan wane inji, kuma ina zan kira a tabbatar mini da lambar da ke jiki. In wanda ya karɓi kuɗinka shi ne ya koya maka, shi ne ya gwada ka, shi ne ya buga takardar a ɗakin bayansa, to rasit ya ba ka.

Yanzu takardun da ake sani a Najeriya.

Na farko lasisin tuƙi. Lasisinmu rukuni-rukuni ne, kuma rukunin H shi ne na injinan ture ƙasa da haƙa, kamar yadda F yake na tarakta da injinan noma, G kuma na manyan motoci masu jan tirela. Ta hannun hukumar kiyaye haɗurra ta FRSC da jami'an VIO da hukumar tara kuɗin shiga ta jiha ake yin sa. Ka je da kanka, a ɗauki hotonka da zanen yatsunka, kada ka bai wa ɗan kan hanya kuɗi ya kawo maka gida, don jabun lasisi ya yi yawa, kuma babban kamfani kan duba lambar a kwamfuta. Lasisin bai nuna ka iya haƙa ba, amma feloda mai loda wa tifa ƙasa da gireda da rola suna hawa titi, kuma ranar da tsautsayi ya faɗa, shi ne abu na farko da ɗan sanda da kamfanin inshora za su tambaya.

Na biyu jarrabawar gwajin sana'a ta Ma'aikatar Ƙwadago ta Tarayya, wadda kowa ya sani da Trade Test. Matakai uku ce, ana farawa daga na 3, sai na 2, sai na 1 wanda shi ne babba. Tsohuwar takarda ce, ma'aikatun gwamnati da ofisoshin ɗaukar ma'aikata sun saba da ita, kuma ma'aikatar na da ofisoshi a jihohi. Ita ma akwai masu sayar da ita a bakin titi ba tare da jarrabawa ba. Ka shiga ofishin da ƙafarka.

Sannan akwai tsarin NSQ na shaidar ƙwarewar sana'a, wanda hukumar ilimin fasaha ta NBTE mai hedkwata a Kaduna ke kula da shi. Abin da ya sa nake son ka san da shi, an gina shi ne a kan aiki, ba a kan allo ba: mai tantancewa zai kalle ka kana yi, ya duba shaidar ayyukan da ka yi a baya. A cikinsa akwai ƙofar da aka buɗe wa wanda ya koyi sana'a a wajen ubangida, a auna abin da ya riga ya iya a ba shi matakin da ya dace. Irin ƙofar da dattijon nan nawa ya rasa ke nan. In makaranta ta ce maka takardarta ta NSQ ce, ka tambaye ta mataki na nawa, kuma wace hukuma ce za ta sa hannu, ka tafi ka tabbatar. Haka in ta ambaci ITF, asusun horar da ma'aikata da aka kafa a 1971 mai hedkwata a Jos. Sa tambarin hukuma a allon talla ba wuya, nuna takardar amincewa mai kwanan wata shi ne magana.

In kuma wata rana zuciyarka ta karkata ga kiren ko fokilif, wannan wani gida ne daban. Tun 2018 Ma'aikatar Ƙwadago ta fitar da ƙa'idoji na musamman a kan injinan ɗaga kaya, waɗanda suka ɗora wa mai aiki nauyin tabbatar da cewa an duba injin, kuma wanda ke kansa ya samu horo an tantance shi. Kamfanonin mai da gas da na tashar jiragen ruwa ba sa wasa da wannan. Takardar eskabeta ba za ta hau da kai kiren ba.

Mu zo kan "ƙasa da ƙasa" ɗin nan, don da ita aka ja hankalinka. Babu wata takarda guda da duk duniya ta yarda da ita a wannan sana'a. Kowace ƙasa da nata. A Ingila katin da aka fi sani shi ne CPCS, wanda aka fara a 2003, sai kuma NPORS. Dubi yadda CPCS yake: sai ka ci jarrabawar lafiya da kiyaye haɗari, ka ci ta baka a kan injin, ka ci ta aiki a cibiyar da aka amince da ita, sannan a ba ka jan kati. Jan katin shekara 2 kawai yake yi, kuma ma'anarsa an horar da kai, ba wai ka ƙware ba. A cikin shekarun nan biyu sai ka yi aiki na gaske, a zo a tantance ka a wurin aikin, kafin ka samu shuɗin kati mai shekara 5. Kowane inji da lambarsa: eskabeta da ta haura tan 10 ita ce A59, wadda ba ta kai ba A58. Ka ga su kansu masu katin ba su yarda horo kaɗai ya isa ba. A Amurka, hukumar kare lafiyar ma'aikata ta OSHA ta wajabta wa ofaretan kiren ya samu shaida daga masu tantancewa irin su NCCCO, kuma duk da haka ta ce dole mai aiki ya sake gwada shi a kan injin da zai hau. A Faransa, da kamfanonin da ke bin tsarinta, sunan da za ka ji shi ne CACES. A Saudiyya, inda yaranmu da yawa ke hange, kamfanin Aramco na da nasa gwajin, duk takardar da ka zo da ita sai ka hau an gani. Kuma ko katin gaske ne a hannunka, ba biza ba ne. Duk wanda ya haɗa maka satifiket da alkawarin aiki a waje a farashi guda, ka riƙe aljihunka.

Yanzu ɗauko biro mu yi lissafin mako ukun. In ana zuwa kwana 6 a mako, kwana 18 ke nan. In injin na aiki awa 8 kullum ba hutawa, awa 144. In ku 20 ne a kan inji ɗaya, kowa ya tashi da awa 7 da 'yan mintoci. Wannan in ba a yi darasin aji ba, inji bai lalace ba, gas bai yanke ba. Gas ɗin kuwa shi ne sirrin abin. Eskabeta mai tan 20 tana shan tsakanin lita 12 zuwa 20 a awa guda, gwargwadon nauyin aikin. Ka tambayi kuɗin lita a gidan mai ka ninka, za ka gane dalilin da ya sa makarantu da yawa suka fi son ɗalibi ya tsaya a inuwa yana kallo. Kai kuwa, ko rabin awa ubangidanka ke ba ka kowace yamma, a wata 14 ka haura awa 150. Kana zaune a kan abin da makarantar ba za ta iya sayar maka ba, sai dai ba ka da shaidarsa.

To me makaranta ta gari za ta ba ka da ubangida ba zai ba ka ba? Dalili. Ubangida kan ce "yi kaza", ba kasafai yake cewa don me ba, wani lokaci shi ma ba a gaya masa ba. Kuma yana gadar maka da kyawawan halayensa da munanansu a kwano ɗaya. Wurin ɗiban burji fili ne fetal, babu wayar wuta, babu bututu a ƙasa, babu leburori a cikin rami. Abubuwan da ke kashe mutane a aikin gini ba ka gamu da su ba tukuna.

Ɗauki wayar wuta. Layukan da ke bin titunanmu masu bolt 11,000 ne da 33,000, manyan na kan hasumiya kuma 132,000 da 330,000. Ba sai bum, wato babban hannun injin, ya taɓa waya ba, in ya matsa kusa wutar kan yi tsalle. Ƙa'idar Amurka ta ce a bar aƙalla mita 3 ga layin da bai wuce bolt 50,000 ba, manyan kuma sai an ƙara tazara fiye da haka. In tsautsayi ya sa ka taɓa, zuciyarka za ta ce ka diro, kuma dirowar ce ajali. Ka zauna a kujera, ka daka wa mutane tsawa kada kowa ya matso, ka gwada janye hannun injin in zai yiwu. Sai in gobara ta kama injin za ka fita, kuma tsalle za ka yi ƙafa biyu a haɗe, kada jikinka ya taɓa inji da ƙasa lokaci guda, sannan ka ja ƙafa a hankali ba tare da ka buɗe taku ba har ka yi nisa. Ubangida nawa ne ya taɓa zaunar da yaronsa ya gaya masa wannan?

Ko rami. Ƙasa mai tsawon mita ɗaya, faɗin mita ɗaya, zurfin mita ɗaya, nauyinta ya kai na buhun siminti 30 ko kusa da haka, in ta jiƙe ta fi. Bangon rami in zai rufta ba ya sallama. Shi ya sa ramin da ya kai mita ɗaya da rabi ake kwantar da bakinsa ko a tokare shi kafin mutum ya shiga, kuma ƙasar da ka haƙo ba a bakin ramin za ka jibge ta ba, sai ka ja ta baya fiye da rabin mita. Foman zai ce maka lokaci na ƙurewa. Amma kai ne a kujera, kuma leburan da ke ƙasa da hannunka ya dogara.

Man haidurolik ma haka. Matsin da ke cikin tiyon eskabeta ya ninka iskar tayar mota fiye da sau 100. In tiyo ya yi hudar allura, man na fita siriri kamar zare, kuma na sha ganin yara suna shafa tiyo da tafin hannu suna neman inda yake yoyo. Man kan huda fata ya shiga nama, ciwon ya yi kamar cizon kwaro, kwana biyu a ce sai an yanke yatsa. Da guntun kwali ake nema, kuma wanda abin ya samu asibiti za a kai shi a ranar. Sai ɗaga kaya da bokiti, wanda kowa ke yi in za a sa kwalbati: akwai jadawali a manne a ɗakin ofareta da ke nuna cewa abin da injin zai ɗaga kusa da jikinsa ba zai ɗaga shi ba in hannu ya miƙe, kuma ta gefe ya fi ta gaba rauni. Yawancin ofaretocinmu ba su taɓa karanta shi ba. Kai da ka yi sakandare, wannan ita ce gonarka. Ga alamun hannu tsakaninka da mai ba ka hannu, da dokar cewa mutum ɗaya kake bi, amma "tsaya" kowa ya ce ka tsaya. Ga gindin inji da ke share duk abin da ke bayanka in ka juya. Ga kuma abin da ke kunyata ƙwararru: ba duk eskabeta ce sandunanta iri ɗaya ba, akwai tsari biyu, a ɗaya bum na hannun dama, a ɗayan yana hagu. In ka hau baƙon inji, ka motsa kowace sanda a hankali kafin ka sa bokiti a ƙasa.

In makarantar nan na koyar da waɗannan da gaske, to tana da abin sayarwa. Yadda za ka gane ba wuya. Kada ka biya ta waya. Ka je ranar aiki ba tare da ka sanar ba, ka ƙirga ɗalibai, ka ƙirga injinan da ke motsi, ba waɗanda ciyawa ta fito a ƙarƙashinsu ba. Ka ja ɗalibi ɗaya gefe ka tambaye shi minti nawa ya hau jiya. Ka ce a rubuta maka adadin awannin da za ka yi a kujera a jikin rasit. Ka tambayi wanda ke yin jarrabawar ƙarshe, sannan ka yi tambayar da na fi so: an taɓa kayar da wani a nan? In suka yi dariya suka ce kowa na ci, ka yi musu sai an jima. Kuma tunda kai ba sabon shiga ba ne, ka tambaya ko suna da gajeren kwas na wanda ya riga ya iya, a gyara masa kurakurai a gwada shi. Yakan fi araha nesa ba kusa ba, kuma shi ya dace da kai. Dillalan manyan injina, irin su Mantrac mai wakiltar Caterpillar a Najeriya, su ma suna horar da ofaretoci, galibi ta hannun kamfanonin da suka sayi injinansu. In ka samu shiga kamfani, ka riƙa kasa kunne, irin wannan horon in ya zo ba da kuɗinka ba ne.

Abin da zan fi matsa maka a kai ba ya cin ko kuɗin akuya, balle sa. Sayi littafi mai bango mai kauri. Kowane inji na da agogon awa a jikinsa. Duk ranar da ka hau, rubuta kwanan wata, sunan inji da lambarsa, awar da ka fara da wadda ka sauka, da aikin da ka yi: lodin tifa ne, gyaran gangare ne, haƙa lambatu ne. Ƙarshen mako ubangidanka ko foman ya sa hannu, da lambar wayarsa. Turawan da ake sayar maka da sunan katinsu, da irin wannan littafin suke nuna awanninsu. A duk shekarun da na yi ina gwaji, waɗanda suka zo mini da littafi irin wannan ba su cika yatsun hannu ɗaya ba, kuma babu wanda na mayar gida a cikinsu. Ba don littafin ya ci musu jarrabawa ba, sai don yaron da ya iya riƙe littafi shekara guda, shi ne mai zagaya inji da safe.

Wani abu kuma a gefe, tunda ƙanena na kira ka. Manyan kamfanoni kan yi gwajin lafiya kafin ɗauka: ido, kunne, hawan jini, wasu har da fitsari. Na san abin da ke yawo a wuraren ɗiban ƙasa da sunan maganin gajiya, na san yadda ake jefa shi a shayi in tifofi sun yi layi. Na ga ofareta mai hannu kamar zinare ya ci gwajin inji da safe, ya faɗi na kwalbar fitsari da rana. In ka fara, ka bari tun yanzu.

Game da aiki, kasuwar tana nan. Hanyar Abuja zuwa Kaduna zuwa Kano ta ƙofar gidanku ta wuce, ga bututun gas na AKK mai kilomita 614 daga Ajakuta zuwa Kano, ga layin dogo na Kano zuwa Maraɗi, ga wuraren fasa dutse da haƙar ma'adinai. Sai dai aikin kwangila ne, yau akwai, gobe an tattara. Wanda ke da inji biyu a hannu ya fi daɗewa a kan albashi. Ka gama da eskabeta tukuna, sannan ka ƙara feloda ko katafila mai ture ƙasa. In kuma kana da haƙuri, ka yi wa gireda ladabi. Masu hawa eskabeta sun yi yawa, amma mai gireda da zai yi shimfiɗar ƙarshe kafin a zuba kwalta, injiniya ya auna ya ga daidai, har yau nemansa ake yi, kuma shekaru ake yi kafin a kai nan. Ni kaina ban kai ba, shi ya sa na koma eskabeta. Ranar da aka ɗauke ka, ka nemi takardar ɗauka a rubuce, ka kuma tambaya ko kamfanin na biyan NSITF, asusun inshorar ma'aikata, don dokar biyan diyyar ma'aikata ta 2010 ta nan take bi in mutum ya ji rauni a bakin aiki.

Da ni ne kai, ga yadda zan bi da kuɗin. Lasisi tukuna, sai Trade Test, waɗannan ba su kai kuɗin sa ba. Ka ƙara wata shida a wajen ubangidanka da littafi a aljihu, kana roƙonsa ya tafi da kai duk inda aka ɗauki hayar injin zuwa aikin gari, don ka ga rami da waya da mutane. Bayan nan ka nemi gajeren kwas mai jarrabawa ta gaske, a wurin da ka gani da idonka.

Shi kuma ubangidan, kada ya ji maganar makaranta a bakin wani. Ofaretoci na da kishi, in ya ɗauka kana shirin tsallake shi ne, kujerar yamman nan ma za ta gagare ka. Ka same shi bayan la'asar in ya huce, ka riƙe masa ɗan goro, ka ce, "Oga, ina son in yi takardu, kuma sa hannunka nake so ya fara zama a kai." Ka miƙa masa littafin da biro, ka nuna masa layin farko da ka riga ka cike da lambar agogon awa ta ranar.